Sunan Mutum Shi Ne Jarinsa: Tarihin Bashi da Lamuni, daga Ayarin Gwanja zuwa Kundin Banki

  

Ya ku 'yan uwa masu bin wannan zaure, na nan Tunuga da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da waɗanda neman abinci ya kai Gaya da Kamba da Malanbil, rubutun yau zai yi tsawo. Wanda ke tsakiyar kasuwa ya ajiye shi sai bayan lisha.

Abu biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya mun sallaci wani bawan Allah, ba zan ambaci sunansa ko unguwarsa ba. Da aka ajiye makara na tambaya, kamar yadda aka saba, ko akwai mai bin mamaci bashi. Mutum uku suka ɗaga hannu. Babban ɗansa ya ce ya ɗauka, muka yi salla, aka kai shi makwancinsa. Kwana uku ba su cika ba sai ga su duka a zaurena. Na farko ya ce buhunan shinkafa ne, magada suka ce ba su kai adadin da ya faɗa ba. Na biyu ya ce naira ya bayar tun kafin ta faɗi, don haka sefa yake so, da lissafin ranar da ya bayar. Na uku ya rantse, su ma suka nemi rantsuwa. Babu takarda, babu shaida, wanda ya san gaskiyar kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Abu na biyu, wani saurayi ya zo mini ransa a ɓace. Ya je neman jari a wata ma'aikatar ba da bashi, an duba kwamfuta, an ce sunansa ya fito da wani ɗan bashi da ya bari bai ƙarasa biya ba shekarun baya, a wani wuri dabam. Ya ce da ni: Malam, wannan wace irin bidi'a ce ta Nasara, a riƙa ajiye wa mutum laifinsa a na'ura?

Amsar da na ba shi a taƙaice ita nake so in warware muku a nan. Na'urar ce sabuwa. Ajiye labarin mai biya da mai taurin bashi ya girmi kakan kakansa.

Mu fara da Madina. Kowane almajiri ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan bashi take: a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, a yanka masa wa'adi, a kafa shaidu, kuma wanda ake bi shi ne zai yi wa marubuci shifta. Ku lura da wannan gaɓa ta ƙarshe. Mai cin bashin ne ke faɗa da bakinsa, domin furucinsa ya zama hujja a kansa, kada gobe ya ce an ƙara masa. Cin bashi shi kansa ba abin kunya ba ne, Hausawa ma sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i talatin na sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Amma shi ne kuma aka kawo masa gawar wani mutum da ake bi 'yan dinarai, ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Daga nan tambayar da muke yi a gaban makara ta samo asali.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin wani mutum daga ƙabilar Juhaina, ana ce masa Usaifi'u, a zamanin Sayyidina Umar. Al'adarsa ita ce ya sayi raƙuma masu tsada, ya yi ta sauri a hanya don ya riga sauran alhazai isowa, a ce wane ya riga kowa. Da haka bashi ya kewaye dukiyarsa, ya karye. Da maganar ta kai ga Sayyidina Umar, bai rufe ta a ɗaki ba. Ya tsaya a gaban jama'a ya ambaci sunan mutumin, ya bayyana halin da ya kai shi ga haka, ya ce duk mai bin sa ya zo da safe a raba abin da ya rage a tsakaninsu. To, ɗan'uwa, mene ne wannan in ba sanar da kasuwa matsayin mai cin bashi ba? Ka kuma dubi abin da ya karya Usaifi'u. Ba yunwa ba ce, ba ciwo ba ne. Son a ce ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake cin bashi a garin nan don kayan ɗaki ko babbar waya ko ragon suna da ya fi na maƙwabci, ya san jikokin Usaifi'u ba su ƙare ba.

Labarin da na fi so ku riƙe shi ne na Zubairu ɗan Awwamu, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda Buhari ya kawo da tsawonsa. Ranar yaƙin Raƙumi, a shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya gaya masa yana jin ba zai wuce wannan rana ba, kuma babban abin da ke damunsa shi ne bashin da ke kansa. Yadda bashin ya taru abin mamaki ne. Mutane ne ke kawo masa ajiya saboda amincinsa, shi kuwa sai ya ce a mayar da ita rance, don yana tsoron ta salwanta. Ɗaliban fiƙihu sun gane hikimar: ajiya in ta ɓace ba da sakaci ba, babu ramuwa a kan mai ajiya, rance kuwa yana wuyansa ko me ya faru. Wato ya zaɓi nauyi mafi girma don ya kare masu dukiya. Da aka yi lissafi sai aka sami bashin ya kai miliyan biyu da dubu ɗari biyu, alhali bai bar tsabar dinari ko dirhami ba, sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar. Abdullahi ya sayar da filin Gaba, wanda uban ya saya a kan dubu ɗari da saba'in, a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, ya yi ta biya har ya gama da duk wanda ya sani. Magada suka ce to a raba gado. Ya ƙi. Sai da ya yi shekara huɗu yana shela a taron hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo, sa'an nan ya raba. Shekara huɗu, ya ku jama'a. Mu kuwa ranar bakwai ake fara auna gona.

Yanzu mu dawo ƙasarmu, domin kada wani ya ce wannan sai sahabbai.

Wannan yanki da muke zaune a cikinsa hanya ce tun da daɗewa. Baturen nan matafiyi, Barth, ya ratsa kwarin Foga a 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya ga yadda ake dafa gishiri, ya rubuta. Gishirin Foga na cikin kayan da fatake ke ɗauka. Babban fataucin wancan zamani kuwa shi ne na goro. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, ya ƙetare Kwara, wadda wasu ke kira Isa, a wajejen Illo ko Gaya, ya shiga ƙasar Bargu, ya wuce Zugu, wato Djougou ta Benin a yau, har ya kai Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Gana. Suna tafe da jakuna da alfadarai da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafin rini da jemammun fatu da gabu, su komo da huhunan goro. Babban ayari kan kai mutum dubu ko fiye, tafiya da dawowa kuma daga wata shida har shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan sana'a. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana da malamin ayari mai riƙe lissafi da rubuta wasiƙu.

Ka tsaya ka yi tunani a kan matsalar da ke gaban mai dukiya a wancan lokaci. Yaro ne ya zo maka, ba shi da gona da zai jinginar, ba shi da garke. Za ka ɗora masa kaya a jaki, ya tafi ƙasar da sarkinka ba shi da iko a cikinta, alƙalinka ba zai iya aika masa sammaci ba, ba za ka sake jin ɗuriyarsa ba sai baɗi. A hanya akwai 'yan fashi, akwai kuɗin fito da na sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, goro kuma kaya ne mai lalacewa, in ba a buɗe shi ana tsincewa ana sake ganye ba, sai ya ruɓe. In ya dawo ya ce an yi hasara, da me za ka gane gaskiya ya faɗa? Duk da haka an yi ta ba da kaya, wani a matsayin bashi, wani a matsayin ƙiradi, wato jari daga wani, wahala daga wani, a raba riba yadda aka yi sharaɗi. Abin da ya riƙe wannan gini duka shi ne suna. Madugu ba ya ɗaukar wanda ba a san asalinsa ba. A kowane zango akwai fatoma, mai gidan da baƙo ke sauka a wurinsa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni. Fatoma ya san wanda ya biya bara da wanda ya yi ta kwana-kwana, kuma abin da ya sani yana bin ayari na gaba. Ga auratayya tsakanin gidajen fatake, ga wasiƙu da ke kai da kawowa. Wanda ya ci amana a Salaga, kafin ya iso Jega labarinsa ya riga shi. Ba a ɗaure shi ba, ba a doke shi ba, amma ba mai sake ɗora masa kaya. Wanda kuwa ya dawo ya zube lissafi dalla-dalla, ko da hasara ya yi, baɗi za a ƙara masa jaki.

Wani abu kuma, ga masu ganin faɗuwar kuɗi masifa ce ta zamaninmu kaɗai. Kuɗin wancan lokaci wuri ne. Lokacin da Barth ya shiga Kano a 1851, ana canza riyal ɗaya ta azurfa a kan wuri kamar 2,500. Kafin ƙarnin ya ƙare ta kai wajen 5,000, saboda wurin da jiragen Turawa suka yi ta jibgewa a bakin teku. Wanda ya ba da rance da wuri ya daɗe bai karɓa ba, ya ɗanɗani abin da mai naira ke ɗanɗana a yau.

Hanyar Gwanja ta mutu a hankali. Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya warware, yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya fara aiki har Kano a 1912. Amma tsarin bai mutu ba, ya sauya kaya ne kawai. Alhasan Ɗantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji a 1877, da goron Gwanja ya fara kafin ya koma gyaɗa, kuma da wannan tsari na ba yara jari bisa amana ya shimfiɗa harkarsa, har ya rasu a 1955 yana cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na unguwar Sabo a Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a cikinta a 1962 da 1963, ya rubuta yadda ake cinikin shanu. Bafatake ya kawo shanu daga arewa, ya sauka gidan mai gida. Mahautan gari, waɗanda Yarabawa ne, ba su da tsabar kuɗin saye, sai sun yanka sun sayar. Saboda haka kusan duk cinikin bashi ne na 'yan makonni. Baƙo bai san mahauci ba, bai san gidansa ba, ko harshensa ba ya ji. Mai gida ne ke tsayawa: in mahauci bai biya ba, shi zai biya daga aljihunsa. Don haka aikin mai gida da dillalansa, dare da rana, shi ne sanin halin kowane mahauci: nawa ake bin sa a wasu gidaje, ya saba cika wa'adi ko yana jinkiri, sa nawa zai iya ɗauka ba tare da ya nutse ba. Wani a ba shi ɗaya, wani a ba shi biyar, wani a ce ya kawo tsaba. Cohen ya ƙiyasta bashin da ke yawo a wannan kasuwa a kowane lokaci ya kai wajen fam dubu ɗari, babu takarda, babu kotu. Wannan shi ne ainihin abin da bankuna ke kira makin bashi a yau, sai dai a ƙwaƙwalwar dillali yake, ba a kwamfuta ba.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu dattawa ba za su so ba. Muna yawan yabon wancan zamani da cewa ba a bukatar takarda. Gaskiya ne amana ta yi aiki, amma ta yi aiki ne domin kowa ya san kowa, kuma wanda aka kora ba shi da wata kasuwar da zai koma. Ko a lokacin, barin rubutu ba falala ba ce, sassauci ne aka ɗauka. Umurnin rubutawa ya sauka ne a kan mutanen da suka fi kakanninmu amana.

Turawa ma ta wannan ƙofa suka shigo. Bayan karayar kasuwa ta 1837 a Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Lewis Tappan ya buɗe ofis a birnin New York a 1841, aikinsa tara labarin 'yan kasuwa. Yana da wakilai a garuruwa, yawancinsu lauyoyi, har Abraham Lincoln ya taɓa yin wannan aiki kafin ya zama shugaban ƙasa, suna rubuto masa halin mutum: yana biya, yana shan giya, yana caca, me ya mallaka. Aikin fatoma ne aka mayar cikin littafi. Sai a 1989 aka fito da makin da ake kira FICO, lamba daga 300 zuwa 850. In ka duba yadda ake haɗa ta, kashi 35 cikin ɗari daga tarihin biya a kan lokaci ne, kashi 30 daga yawan bashin da ke kan mutum. Tambayoyi biyun da dillalin Sabo ke yi ke nan.

Mu a Nijar mun ga abin da rashin wannan bincike ke haifarwa. Manyanmu suna tuna bankin BDRN, wanda shi ne babban bankin raya ƙasa tun farkon 'yancin kai. Basussukan da aka karɓa ba a biya ba suka durƙusar da shi, aka rufe shi a 1990, Sonibank ta gaji abin da ya rage mai lafiya. Masu ajiya da ba su ci ba su sha ba su suka sha wahalar. Bayan shekaru, ƙasashe takwas masu amfani da sefa a yammacin Afirka suka amince da doka ɗaya ta kafa ofishin tara bayanan bashi, wanda ake taƙaita sunansa da BIC. Babban bankin BCEAO ya ba kamfanin Creditinfo izini, cibiyarsa tana Abijan, ya fara aiki a 2016. Bankuna da manyan asusun ba da ƙananan basussuka suna aika masa labarin wanda ya karɓa, da nawa, da yadda yake biya, mai kyau da marar kyau. Sa hannun da kake yi a takardar neman bashi, a ciki akwai yardarka da wannan. Doka ta ba ka haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kanka, da neman a gyara in an yi kuskure. A Najeriya kuma, tun 2014 akwai lambar BVN da ke haɗa duk asusun mutum, a 2017 aka yi dokar bayar da rahoton bashi, daga 2020 kuma banki na iya cire bashinsa daga kuɗin da ka ajiye a wani bankin. Masu asusu a Kamba ko Birnin Kabi, wannan ya shafe ku. Guduwa daga wannan reshe zuwa wancan, ko daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, ta daina amfani.

Kada wani ya fahimci cewa ina kiran ku zuwa bashin ruwa. Haramcinsa a bayyane yake, kuma iyakar da hukuma ta sa a 2014, kashi 15 cikin ɗari ga bankuna da 24 ga ƙananan asusu, iyaka ce ta doka, ba ta halatta shi a shari'a ba. Mafi muni su ne masu ba da bashi ta manhajar waya, waɗanda in ka yi jinkiri sai su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka. Amma ko bankin Musulunci ka je, irin su BIN a nan ko Jaiz a Najeriya, za su sayo maka kaya su sayar maka da wa'adi, kuma su ma kundin nan za su duba. Wanda kuma ya riga ya faɗa cikin bashin ruwa, tuba ba ta sauke masa uwar kuɗin mutane. Ya gaggauta fita, shi ya fara kashewa, tun da shi ne ke girma yana barci.

Na san halin da ake ciki. Mun ga ranar 12 ga Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, waɗanda suka ɗauko kaya bashi daga waje suka wayi gari nauyinsu ya ninka. Mun ga Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mun ga an rufe gadar Malanbil a ƙarshen Yulin 2023, manyan motoci suka yi layi, kaya suka lalace, a shekarar kuma naira ta zube. Mutane da yawa masu gaskiya sun kasa biya ba da laifinsu ba. Shari'a ta san da su: wanda ke cikin ƙunci, wajibi ne a jira shi har ya samu, yafe masa kuma ya fi lada, yana ma cikin mutum takwas da ake ba zakka. Amma jinkirin mai hali zalunci ne, malamanmu na Malikiyya har sun ba alƙali ikon tsare shi. Abin da ke raba mutum biyun nan a idon mai bin bashi abu ɗaya ne, kuma shi ne abin da fatake suka sani: mai gaskiya yana zuwa da ƙafarsa kafin wa'adi ya cika, ya ce ga abin da ya same ni, ga abin da zan iya kawowa duk ranar kasuwa. Marar gaskiya yana kashe waya, yana sauya hanya, yana sauya sahu a masallaci. Dala ɗari da ka kai da kanka ta fi tsare maka suna a kan jika goma da aka ƙwata bayan an kai ka gaban mai gari. Haka abin yake a wurin mai kanti, haka a wurin uwar adashi, haka a kundin Abijan.

Game da rigimar naira da sefa, ga abin da na gaya wa mutumin nan na biyu. Asali shi ne a biya rance da irin abin da aka karɓa, adadi da adadi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwaiti a 1988. Wanda ya ba da naira, naira zai karɓa. In sun yarda a biya da sefa, ya halatta, amma da canjin ranar biya, a kuma kammala a wurin kafin a rabu, kamar yadda aka yi wa Abdullahi ɗan Umar fatawa lokacin da yake sayar da raƙuma da dinari yana karɓar dirhami. In mai biya ya ga ɗan'uwansa ya cutu ya ƙara masa don kansa, ba da sharaɗi ba, wannan kyakkyawan biya ne, Annabi ma ya ranci ɗan raƙumi ya mayar da wanda ya fi shi. Wanda ke tsoron faɗuwar naira, tun ranar bayarwa ya bayar da sefa ko da buhu, a rubuta haka. Ranar nan ce ake gyara, ba ranar da mai karɓa ya kwanta dama ba.

Ga magada kuma, tsarin a bayyane yake a littattafanmu: a fara da likkafani da abin da ya shafi binnewa, sai bashi, sai wasiyya a cikin sulusi, sa'an nan gado. Wanda ya ce na ɗauka a gaban makara, ya sani ba maganar kawar da kunya ya yi ba, lamuni ya ɗaura wa wuyansa.

Iyayenmu mata, kada ku ce wannan zancen maza ne. Adashi bashi ne. Wadda ta kwasa da wuri tana ɗauke da haƙƙin duk waɗanda ba su kwasa ba, kuma in ta rasu ko ta yi ƙaura, zubin da ya rage yana cikin abin da za a fitar kafin gado. Mazajenku da yawa ba su san adashi nawa kuke ciki ba, kamar yadda ku ma ba ku san abin da ake bin su a Gaya ba.

Saboda haka mun yi shawara da dattawan masallaci. Daga Juma'a mai zuwa, bayan sallar la'asar, zan zauna a zaure tare da na'ibi da shaidu biyu. Duk mai son a rubuta masa bashi, sabo ko tsoho, wanda yake bi ko wanda ake bin sa, ya zo da abokin mu'amalarsa. Za a rubuta da ajami ko da boko, a faɗi irin kuɗin, naira ko sefa ko buhu, da wa'adi, kowa ya riƙe kofi ɗaya, ya kuma ɗauki hotonsa a waya. Ba a biyan ko dala. Mata za su iya aiko muharraminsu, ko su zo da safiyar Asabar. Saurayin nan da na ambata ya riga ya koma inda ya bar bashinsa, sun yanka masa abin da zai riƙa kaiwa duk wata, na kuma ce masa ranar da ya gama ya karɓi takardar shaidar kammalawa, ya nemi a gyara abin da ke rubuce a kansa.